Ƙasa, Gishiri da Ƙanƙara a Zauren Nunin Jami'a

Zauren nunin fasaha na jami'a ko na kwaleji wuri ne da makaranta ke keɓewa domin adana ayyukan zane da sassaƙa da hotuna, da kuma baje su ga ɗalibai da malamai da mutanen gari, kuma ko da yake a fuska yana kama da sauran gidajen nuni, abin da ake nema daga gare shi ya sha bamban da abin da ake nema daga gare su. Zauren ɗan kasuwa yana rataye zane ne domin a saya, don haka ba ya maraba da aikin da ba za a iya ɗora shi a mota a kai gidan mai kuɗi ba. Babban gidan tarihi na birni kuwa idonsa na kan yawan masu sayen tikiti da kuma ran attajiran da ke zaune a kwamitin amintattunsa. Shi zauren makaranta albashin ma'aikatansa daga asusun jami'a yake fitowa, shigarsa galibi kyauta ce, kuma tambayar da ake yi masa a ƙarshen shekara ita ce ko ɗalibai sun ƙaru da wani abu. Wannan 'yar sararawa da ya samu daga kasuwa ita ce ta sa ya fi kusa da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya fiye da kanti, inda ake iya gwada abin da ba a tabbatar zai yi kyau ba, kuma idan bai yi ba, babu wanda jarinsa ya karye. Al'adar ta daɗe, domin gidan Ashmolean na Jami'ar Oxford a Ingila an buɗe shi tun 1683, zauren Jami'ar Yale a Amurka kuma tun 1832.

A cikin abubuwan da irin waɗannan zaurukan suka fi yawan nunawa a wannan zamani akwai fasahar da ta samo tushenta daga halitta, wato daga ƙasa da ruwa da duwatsu da tsirrai da dabbobi da sauyawar yanayi, duk abin da ba hannun ɗan Adam ne ya ƙera shi ba. Mai jin wannan bayani zai fara kawo hoton fure ko na tsuntsu a ransa, kuma ba a ce ya yi kuskure ba, domin shekaru aru-aru abin da masu zane suka yi ke nan: su dubi halitta, su kwaikwayi kamanninta a kan takarda ko kyalle. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1960 ma'anar ta faɗaɗa ƙwarai, har ta kai ga mai fasaha ya bar kwaikwayon ƙasa ya koma aiki da ita kanta ƙasar, ya bar zana ciyawa ya shuka ta. Wurin da ya fi dacewa a duba domin gane yadda wannan sauyi ya auku shi ne Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca a jihar New York, domin a harabarta ne tsohuwar hanya da sabuwa suka haɗu a fili ɗaya.

Garin Ithaca yana bakin kudancin tafkin Cayuga, ɗaya daga cikin dogayen tafkunan da ake kira Tafkunan Yatsu saboda yadda suka miƙe a taswira kamar yatsun hannu, kuma ita jami'ar, wadda Ezra Cornell da Andrew Dickson White suka kafa a 1865, tana kan tudu ne tsakanin kwazazzabai biyu masu zurfi da ruwa ke kwarara a cikinsu. Tun farkonta makaranta ce da ta ɗauki ilimin noma da na halittu da muhimmanci, kuma kafin kyamara ta ƙware, malamin ilimin halittu ba shi da abokin aiki kamar mai zane. A 1885 jami'ar ta sayi siffofin halittun teku fiye da 500 waɗanda Leopold Blaschka da ɗansa Rudolf suka ƙera da gilashi a Dresden ta Jamus, saboda irin waɗannan halittu masu laushin jiki da zarar an tsoma su a ruwan adanawa sai launinsu ya kuɗe, jikinsu ya tamushe, ɗalibi ya kasa gane yadda suke a raye. Haka nan a garin aka haifi Louis Agassiz Fuertes a 1874, wanda ya yi karatu a jami'ar ya kuma zama ɗaya daga cikin fitattun masu zanen tsuntsaye na Amurka. Ma'aunin aikin waɗannan mutane shi ne kamanni: gwargwadon yadda gashin tsuntsun zane ya yi daidai da na tsuntsun dawa, gwargwadon yadda ake yaba wa mai zanen.

A watan Fabrairu na 1969 wannan ma'auni ya daina aiki a gidan nunin jami'ar, wanda a lokacin yake cikin tsohon gidan shugabanta na farko, shi ya sa ake kiransa gidan nunin Andrew Dickson White. Daraktan gidan, Thomas Leavitt, ya ba wani mai tsara nuni mai suna Willoughby Sharp dama ya gayyato matasan masu fasaha daga Amurka da Turai domin wani nuni da aka sa wa suna Earth Art, wato fasahar ƙasa. Mai tsara nuni shi ne wanda ke zaɓen ayyukan da za a nuna, ya yanke shawarar inda kowanne zai zauna, ya kuma rubuta bayanin da zai haɗa su, to amma a wannan karo babu ayyukan da za a zaɓa, domin ba a riga an yi su ba. Mutanen aka gayyato, aka ce kowa ya zo ya yi nasa a nan, da abin da ya tarar a nan, a tsakiyar hunturu lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe garin. Su tara ne aka san nunin da su: Robert Smithson da Dennis Oppenheim da Robert Morris da Neil Jenney daga Amurka, Hans Haacke da Günther Uecker 'yan asalin Jamus, Jan Dibbets daga Holan, Richard Long daga Ingila, da David Medalla ɗan asalin Filifin. An buɗe nunin ranar 11 ga Fabrairu, aka rufe shi ranar 16 ga Maris, kuma ana ɗaukarsa nuni na farko da wani gidan tarihi a Amurka ya keɓe kacokan ga irin wannan fasaha, watanni kaɗan bayan wani zauren kasuwa na Virginia Dwan a birnin New York ya taɓa batun a Oktoban 1968.

Aikin Hans Haacke ya fi kowanne sauƙin bayani, kuma mai yiwuwa ya fi kowanne tayar da tambaya. Ƙasa ya tara a tsakiyar ɗaki a kan daɓe, ya yi mata tsibi kamar na hatsin da aka sheƙe, ya watsa mata irin ciyawa, ya sa wa aikin suna da ke nufin ciyawa tana tsirowa. Wanda ya shigo a kwanakin farko tulin ƙasa kawai zai gani. Wanda ya dawo bayan kwanaki zai tarar da kore ya fara leƙowa, ya fi ƙarfi ta gefen da hasken taga ke bugawa. Wanda ya zo daga baya kuma zai iske ciyawar ta yi tsawo, wata ta fara kwantawa. Babu rana ɗaya da za a nuna a ce yau ne aikin ya kammala, kuma babu mutum biyu da suka zo a ranaku daban-daban da za su ce abu ɗaya suka gani. Abin da Haacke ke so a lura da shi shi ne tsarin da ke gudana tsakanin iri da danshi da haske da ɗumin ɗaki, tsarin da mai fasaha ke iya tayarwa amma ba ya iya juya shi yadda ya ga dama. Ya riga ya gwada irin wannan tunani a wani akwatin roba mai haske da ya zuba wa ruwa kaɗan ya rufe, ta yadda ɗumin ɗakin nuni ke sa raɓa ta taru a bangonsa tana gangarowa. A Ithaca ma bai tsaya a cikin ɗaki ba, domin ya ɗaura igiya a kusa da magangarar ruwa, feshin ruwan yana sauka a kanta yana daskarewa, rana ta fito ya narke.

Mai karatu da ya tashi yana ganin magini na kwaɓa ƙasa da maginiyar tukwane na murza yumɓu yana da haƙƙin ya tambaya mene ne sabo a nan, tunda aiki da ƙasa ya girmi kowace jami'a a duniya. Bambancin yana wajen niyya. Mai ginin tukunya tana sarrafa yumɓu ne domin ta raba shi da halinsa na ƙasa, ta gasa shi har ya daina narkewa a ruwa, kuma nasararta ita ce tukunyar ta daɗe. Su waɗannan masu fasaha sun bar ƙasa a matsayinta na ƙasa da gangan, suna so ta bushe, ta tsage, ta tsirar da abin da ke cikinta, kuma lalacewar aikin wani sashe ne na aikin.

Dennis Oppenheim ya kai wannan ra'ayi iyaka a tafkin Beebe, wani ƙaramin tafki da ke cikin harabar jami'ar wanda sanyi ya daskarar da samansa har ana iya tafiya a kai. Da zarto mai inji ya yanka doguwar hanya a cikin ƙanƙarar, mai tsawon ƙafa 100 da faɗin ƙafa 4, ruwa baƙi ya bayyana a tsakiyar farin fili kamar an ja layi da alƙalami, kuma cikin kusan kwana ɗaya sanyi ya sake rufe wurin. Wahalar yankan ta fi tsawon ran aikin nesa ba kusa ba. A cikin waɗanda suka taya shi akwai wani matashi da bai daɗe da gama karatun zanen gine-gine a jami'ar ba, Gordon Matta-Clark, wanda bayan shekara biyar, a 1974, ya ɗauki zarto ya raba wani tsohon gida biyu daga rufi har ƙasa a jihar New Jersey, aikin da ya sa sunansa ya shiga tarihin fasaha. Idan ana neman hujjar abin da zauren makaranta ke iya yi wanda zauren kasuwa ba ya yi, to ga ta nan: ɗalibi bai tsaya kallon aiki daga bayan igiya ba, ya riƙe kayan aiki tare da mai shi, ya ji nauyinsu a hannunsa, kuma darasin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, wadda ba ta yi tsawo ba domin ya rasu a 1978 yana da shekara 35.

Robert Smithson shi ne ya fi sauran zurfin tunani a rubuce, kuma aikinsa na Ithaca yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa. A arewa da garin, a bakin tafkin Cayuga, akwai mahaƙar gishirin dutse wadda ramukanta suka nutsa fiye da ƙafa 2,000 a ƙarƙashin ƙasa, ragowar wani teku da ya ƙafe tun kafin a yi ɗan Adam. Smithson ya sauka cikin ramin da madubai, ya jera su a cikin duhun hanyoyin mahaƙar ya ɗauki hotonsu, sa'annan ya sa aka kwaso gishirin aka zuba shi tsibi-tsibi a daɓen gidan nuni, aka kafa wasu madubai a cikinsa. Ya kira mahaƙar da sunan wuri, abin da ke cikin ɗakin nuni kuma ya kira shi ba-wuri-ba, yana nufin cewa tulin gishirin da ke gaban mai kallo ɗan aike ne kawai, yana nuni zuwa wani wuri da mai kallon ba ya gani, kamar yadda taswira ke nuni zuwa garin da ba ita ce shi ba. Madubin kuma yana ƙara rikita lissafin, domin mai kallo da ya sunkuya zai ga gishiri na gaske a gefe ɗaya, hoton gishiri a gefe ɗaya, ga kuma rufin ɗakin da ƙafafunsa shi kansa sun shigo cikin aikin ba tare da ya shirya ba. Wannan tunani ya warware wata matsala da duk zauren da ke nuna fasahar halitta ke fuskanta har yau, wato cewa ba a iya shigo da dutse ko kogi ko daji cikin ɗaki, sai dai a shigo da ɗan yanki, a kuma yi gaskiya cewa ɗan yanki ne.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Dibbets ya tone wani layi mai kusurwa a cikin daji a wajen gari, Richard Long, wanda a lokacin shekarunsa 23, ya jera duwatsu a farfajiyar gidan nunin, shi kuwa Morris guguwar dusar ƙanƙara ta tsare shi a birnin New York, sai ya ba da umarni ta wayar tarho aka zuba masa ƙasa da kwal da wasu ma'adinai a daɓe. Abin da ido ke saurin kamawa a jerin sunayen shi ne babu mace ko ɗaya, alhali cikin 'yan shekaru mata irin su Nancy Holt da Ana Mendieta da Agnes Denes sun yi ayyukan da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da na mazan. Denes ce a 1982 ta noma alkama eka biyu a wani filin juji a ƙarshen tsibirin Manhattan, a gindin dogayen benayen 'yan kasuwar hannun jari, ta girbe ta kuma.

Ba a rasa dalilin da ya sa wannan sauyi ya faru a ƙarshen shekarun 1960 ba. Littafin Rachel Carson kan ɓarnar magungunan ƙwari ya fito a 1962 ya girgiza Amurkawa, a ranar 24 ga Disamban 1968 'yan sama jannatin Apollo 8 suka ɗauko hoton duniya tana fitowa daga bayan wata, ƙarama shuɗiya a cikin baƙin sarari, kuma makonni biyu kafin buɗe nunin Ithaca rijiyar mai ta fashe a tekun Santa Barbara a Kalifoniya ta malale gaɓar da ɗanyen mai. A shekarar da ta biyo, ranar 22 ga Afrilun 1970, aka yi bikin Ranar Duniya na farko, wanda ɗaliban jami'o'i suka kasance ƙashin bayansa. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa duk wanda ya yi aiki da ƙasa mai kishin muhalli ne. Da yawa daga cikinsu abin da ya kore su daga birni shi ne ƙyamar yadda aka mayar da zane haja, da kuma ƙuncin ɗakunan nuni masu farin bango. Smithson kansa wuraren da masana'antu suka lalata ne suka fi jan hankalinsa, kuma shahararren aikinsa na 1970 a Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah, wata hanyar duwatsu mai naɗewa kamar gammo, tsawonta ƙafa 1,500, da manyan motocin tono da na juji aka gina ta. Michael Heizer ma a hamadar Nevada ya ture ƙasa da duwatsu kusan tan 240,000 domin ya yanka rami a gefen tsauni. Ko wannan girmama halitta ne ko nuna mata ƙarfi, muhawara ce da ba ta mutu ba, kuma masu sukar suna da abin faɗa.

Reshen wannan fasaha da ya karkata ga gyaran muhalli shi ne ya fi samun gindin zama a jami'o'i, kuma dalilin a bayyane yake, domin mai fasahar da ke son ya yi aiki da ƙasa mai guba ko ruwan da ya gurɓace yana buƙatar masanin ƙasa da masanin tsirrai da ɗakin awo, kuma a jami'a duk waɗannan suna nesa da zauren nuni da tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Helen Mayer Harrison da mijinta Newton Harrison, waɗanda suka koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, sun shafe shekaru suna kiwon wata ƙaguwa ta ƙasar Siri Lanka a cikin tankuna domin su gane abin da take buƙata kafin ta hayayyafa, suka mayar da binciken wani dogon aiki na taswirori da hotuna da rubutu, wanda aka nuna a Cornell a 1985. Haacke ma a 1972 ya kafa na'urar tace ruwa a wani gidan nuni a Krefeld ta Jamus, ya tace gurɓataccen ruwan da ake zubarwa a kogin Rhine har kifaye suka rayu a cikinsa a gaban masu kallo. Wasu jami'o'in kuma sun zaɓi ayyuka masu daɗewa a harabarsu. A Jami'ar Michigan, Maya Lin ta mayar da wani fili tuddan ciyawa masu kama da raƙuman ruwa a 1995, ɗalibai na zama a cikin kwarinsu suna karatu, a Jami'ar Stanford kuma Andy Goldsworthy ɗan Birtaniya ya gina wata katanga mai lanƙwasa kamar maciji a 2001, da duwatsun gine-ginen jami'ar da girgizar ƙasa ta 1906 da ta 1989 suka rusa.

Akwai wani ɓangare na wannan al'amari da mai kallo ba ya gani, wanda ma'aikatan zaure suka fi kowa saninsa. An gina gidan adana kayan fasaha ne domin ya yaƙi halitta. Ana riƙe ɗumin ɗaki a wajen digiri 20, danshin iska a wajen kashi 50 cikin 100, ana rage haske a inda takarda da kyalle suke domin kada launi ya kuɗe, ana kafa tarkon ƙwari a lunguna, ana hana shiga da abinci ko ruwa. To sai ga mai fasaha ya zo da buhunan ƙasa mai ɗauke da ƙwayayen ƙwari da funfuna, yana neman a buɗe labule, a riƙa ban ruwa safe da yamma, a ɗakin da ke maƙwabtaka da zanen da ya shekara 300. Gishiri yana jan danshi yana cin ƙarfe, itacen da aka kwaso daga daji yana iya zuwa da gara, ganye yana bushewa ya karye, dutse kuma nauyinsa na iya fin ƙarfin daɓen bene. Shi ya sa a yau akan sa irin waɗannan kaya a cikin na'urar daskarewa na kwanaki ko a gasa ƙasar kafin a shigo da ita, akan kuma rubuta yarjejeniya da mai aikin kan abin da za a yi idan shukar ta mutu kafin ranar rufewa: a sake shukawa, ko a bar ta a mace domin mutuwar ma abin kallo ce. Mai gadin zaure da aka ɗauka domin ya hana yara taɓa zane sai ya wayi gari da butar ban ruwa a hannu.

Tambaya mafi wuya ita ce ta abin da ya rage bayan an rufe nuni. Ƙanƙarar Oppenheim ta haɗe, ciyawar Haacke an kwashe ta, kuma abin da duniya ta sani game da nunin 1969 ta san shi ne daga hotuna marasa launi da kundin bayanin da jami'ar ta buga a 1970. A nan akwai abin dariya kaɗan, domin mutanen da suka gudu daga kasuwa suka yi aikin da ba ya sayuwa, kasuwar ta bi su ta sayi hotunan aikin, ta saka su a firam, ta rataye a irin bangon da suka guje wa. Hoto kuma yana da nasa son kai: yana zaɓen kusurwa mafi kyau da sa'a mafi kyawun haske, ba ya ɗauke da sanyin da ya ratsa takalmin wanda ya tsaya a kan tafkin, ko ƙarar zarton, ko warin ƙasa mai danshi a ɗakin da aka rufe. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fanni mafi yawan masana sun yi ji ne kawai, kuma littattafai da dama an rubuta su a kan ayyukan da marubutansu ba su taɓa tsayawa a gabansu ba.

A yau da wuya shekara ta wuce ba a ga kwaleji ko jami'a ta shirya nunin da aka ce halitta ce ta zaburar da shi ba, musamman tun da sauyin yanayi ya zama zancen kowa, kuma dole a faɗi cewa ba duka ne suka kai ba. Da yawa sukan tsaya a kyawawan hotunan ganye da faɗuwar rana, da 'yar takarda a bango mai kira a kula da muhalli, abin da mai kallo ya riga ya yarda da shi kafin ya shigo, ya kuma fita bai san komai sabo ba. Waɗanda suka yi armashi su ne masu kama wuri ɗaya takamaimai su sa mutum ya san shi fiye da da, kamar yadda mazaunin Ithaca da ya shekara yana wucewa ta bakin tafki zai iya fita daga ɗakin Smithson da sanin cewa akwai tsohon teku a daskare a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma akwai mutanen da ke sauka cikinsa kowace safiya neman abinci.

Smithson ya rasu a 1973 a hatsarin ƙaramin jirgin sama a jihar Texas yana duba filin wani sabon aiki, kuma a wannan shekarar ce jami'ar ta buɗe sabon gidan nuninta, mai sunan Herbert F. Johnson, wanda I. M. Pei ya zana, dogon gini na kankare a bakin tudu da ake hango tafkin Cayuga daga benayensa na sama. Tsohon gidan White ya koma mazaunin wata cibiyar nazarin adabi da tarihi da falsafa. Mahaƙar gishirin kuwa tana nan tana aiki, ramukanta sun miƙe har ƙarƙashin tafkin, kuma gishirin da ake fitarwa daga cikinta galibi a kan tituna ake watsa shi lokacin hunturu domin ya narkar da ƙanƙara motoci su samu wucewa.